Kati Na Goma Sha Bakwai

A gidanmu ni ce mai hana Mama sunkuyawa. Aikin da na ɗora wa kaina ke nan tun ranar da ta ɗaga katifa za ta share ƙarƙashin gado, ta ji wani abu ya ce ƙas a bayanta, ta zauna a ƙasa ta kasa tashi. A asibiti aka yi hoto, aka ce ƙashin bayanta ya karye wuri biyu. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma wani abu ne ya buge ta ba. Likita ya ce ƙasusuwanta ne suka yi rauni, shekara da shekaru suna zaizayewa daga ciki ba wanda ya sani, har ta kai katifa ma ta fi ƙarfinsu. Ya kafa mata doka biyu: kada ta sunkuya, kada ta ɗauki abin da ya fi butar ruwa nauyi. Shi sau ɗaya ya faɗa ya kira mai bin layi. Ni kuwa sau ashirin nake maimaitawa a wuni, har ƙannena suka laƙaba mini 'Yar Sanda, Mama ma ta karɓi sunan ta riƙe.

Ko a jikina. Cokali ya faɗi, in ce, "Mama, bari!" Tsintsiya na ɓoye. Tukwane da kofuna da kwalbar mai duk na kwaso su daga ƙasa na jera a kan tebur daidai ƙirjinta. Ni tela ce, ni nake mata ɗinki tun ina koyo, kuma a shekara guda sau biyu na rage tsawon rigunanta don suna jan ƙasa. Duk wanda ya taɓa yanke wa rigar uwarsa inci uku ba zai ga laifin masifata ba.

Wata uku bayan karayar, autarmu ta haifi 'ya mace. Jikokin Mama goma sha ɗaya kafin wannan, kuma babu wanda ba ita ta fara yi wa wanka ba. Wannan ta goma sha biyun sai dai a zaunar da Mama a kujera, a sa mata matashi a baya, a sa wani a cinya, sannan a ɗora mata jaririya kamar baƙuwar da ta zo barka. In yarinyar ta motsa, a ɗauke.

Wata rana da hantsi na dawo daga shago ɗaukar almakashin da na manta. Tun daga ƙofa nake jin kukan jaririya. Auta tana banɗaki tana wanka, yarinya tana kwance a kan tabarma ta yi jajir don kuka, Mama kuma tana tsaye a kanta, hannuwanta biyu a miƙe, tana mata waƙa. Ba ta sunkuya ba. Ta bi dokata sarai. Na ɗauki yarinyar na jijjiga ta yi shiru, na juyo zan yaba wa Mama, sai na ga ta juya fuska wajen bango. Ranar ko abincin rana ba ta ci ba.

Ba a yi sati biyu ba muka je ganin likita, nas ta raba wa masu jira wata takarda. Ta ce masu bincike a kan wannan ciwon na ƙashi ne suke so su ji ta bakin masu fama da shi: wace tambaya suke so a nemo amsarta? Ni na riƙe biro, don idon Mama ba ya ganin ƙananan rubutu. Na ce mu rubuta a nemo maganin da zai mayar da ƙashi yadda yake.

"Wannan kowa zai rubuta," in ji ta. "Rubuta: yaya zan yi in ɗauki jikata in tana kuka?"

"Mama, wannan ai ba tambayar bincike ba ce."

"Ke aka tambaya ko ni?"

Na rubuta, ina ƙunƙuni.

Mun ma manta da zancen sai ga waya bayan wata huɗu. Wai tambayoyi sun taru fiye da dubu, an tace, an haɗa masu kama da juna, an rage saura ashirin da biyar. Za a yi zama na wuni guda a fitar da goma da za a miƙa wa masu bincike su fara da su, kuma ana gayyatar Mama da mai kula da ita. Tata tambayar tana ciki. Na ce tafiyar za ta wahalar da bayanta. Ta ce in fito mata da rigarta mai ruwan toka in goge.

Zauren taron yana ƙasan benen asibitin, kusa da ɗakin hoto. Mu kusan talatin ne. Rabi masu ciwon da masu jinyarsu, rabi ma'aikata: likitoci, nas-nas, mai ba da magani, da wata mai gashin ƙashi, faffaɗar mace mai dariya da dukan jiki. Mai jan ragamar zaman wata matashiyar likita ce, kirki kamar me, amma kowane minti biyar sai ta duba hannunta, nan take Mama ta sa mata Mai Agogo. An buga kowace tambaya a kan kati mai faɗin littafin makaranta, da lamba a sama. Ta Mama ce ta goma sha bakwai, sai dai sun sake mata riga. Na karanta mata: wane irin sunkuyo da ɗaukar kaya ne mai karayar ƙashin baya zai iya yi ba tare da haɗari ba, kuma ta yaya za a koya masa?

"Jikar tawa ce kaya?" Mama ta tambaya.

Mai Agogo ta yi dariya ta ce mutum sittin da wani abu ne suka yi irin tambayar, wani buhu, wata bokiti, wata jika, dole aka nemi kalmar da za ta ɗauke su duka. Mama ta gyaɗa kai. Na ga adadin ya shige ta. Ashe ba ita kaɗai ba ce ke tsayawa a kan abu da hannu a miƙe.

Da safe komai ya tafi daidai. An raba mu gida uku, kowane gida da ƙaramin teburinsa, katuna a gabanmu, kowa ya kai hannu ya tura wanda yake so gaba. Mama ta yi bakinta sosai. Da aka haɗa sakamakon teburan uku kafin cin abinci, katinta yana na tara. Ta ci abincinta tas, har ta karɓi rabin nawa.

Bayan azahar ne za a haɗu gaba ɗaya a yanke na ƙarshe, kuma ana so katuna ashirin da biyar su jeru a layi guda kowa ya gani. Dogayen teburan zauren ɗalibai sun kwashe su don jarrabawa. Mai Agogo ta duba ƙananan, ta duba hannunta, ta ce ba komai, a shimfiɗa su a ƙasa. Nas biyu suka jera su daga taga har bakin ƙofa, suka manna jan filasta a ƙarƙashin na goma. Duk abin da ya faɗa bayan jan layin nan ya fita. Aka kewaye da kujeru. Ƙa'idar kuma mai sauƙi ce: wanda yake so a matsar da kati ya fito, ya ɗauka, ya faɗi dalilinsa, ya ajiye inda ya ga ya dace, in ba wanda ya ja, ya zauna a nan.

Ba zan ce ma'aikatan nan mugaye ba ne, don ba haka ba ne. Kowa ya fito da magana mai ma'ana. Mai ba da magani ya ɗaga katin da ke tambayar shekara nawa ya kamata mutum ya yi yana shan maganin kafin ya huta. Wata nas ta ɗaga na yadda za a hana karaya ta biyu. Babban likitan ƙashi, dogo mai furfura, wanda kowa ke gyara zama in ya yi gyaran murya, ya ɗauki katin gwajin jinin da zai iya nuna ciwon tun kafin ƙashi ya karye, ya kai shi na uku, ya yi bayanin da ni kaina sai da na ce ai kuwa gaskiya ne. Amma duk katin da ya hau, sai na ƙasa da shi su ja baya. Na Mama ya koma na goma, ya tsallaka jan layi, ya zama na sha ɗaya, ya zama na sha uku.

Masu ciwon kuwa suna zaune a jere, kowa da matashinsa a baya, sanda a jingine da gwiwa. Mai Agogo ta juyo gare su har sau uku.

"Iyayenmu, ba ku ce komai ba fa. Wannan zaman naku ne."

Sai su yi murmushi. Wani tsohon kafinta da ƙugunsa ya taɓa karyewa ya miƙa sandarsa daga inda yake zaune zai tura wani kati, sandar ta zame ta watsa guda biyu. Aka yi dariya, shi ma ya yi, nas ta mayar da su inda suke, ya janye sandarsa bai sake motsi ba. Ni ma da ni aka yi dariyar, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya.

Mama ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Tashi ki ɗaga mini shi."

"Mama, wanda ya ɗauka shi zai yi bayani. Ni me zan ce a gaban likitoci?"

Ta dube ni sama da ƙasa. Ni da ake jin muryata tun daga bakin titi in ina faɗa a gida, ga ni nan na zama kurma. Ta gyara mayafinta.

Mai Agogo ta ce saura minti goma a rufe. Na sunkuya cikin jaka ina laluben gorar ruwa. Da na ɗago, kujerar Mama ba kowa. Tana can tsakiyar zaure a kan katinta, ta jingina sandar da cinyarta, ta miƙa hannu, kanta ya fara yin ƙasa.

"Mama! Kar ki sunkuya!"

Na ɗauka ni kaɗai na yi ihun, ashe ba haka ba. Babban likita ya faɗa, mai gashin ƙashi ta faɗa, nas-nas suka faɗa, duk a numfashi ɗaya, wasu har sun miƙe tsaye. 

Mama ta miƙe a hankali, ta kama sandarta, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na sani, 'ya'yana. Shekara guda ke nan ina ji," ta ce. Ta nuna ƙasa da bakin sanda. "To wa ya ajiye su a can?"

Mai gashin ƙashi ce ta fara ganewa. Ta dafe baki da hannu biyu, ta dubi layin katunan, ta dubi jerin tsofaffin da matasansu. Mai Agogo ta buɗe littafin da take rubuta duk wanda ya matsar da kati, ta bi da yatsa. Sau goma sha huɗu aka matsar, sha uku ma'aikata ne, ɗaya wani mai jinyar matarsa. A cikin masu ciwon babu ko mutum ɗaya. Mutanen da suka kwashe shekaru suna gaya wa waɗannan tsofaffi kada su kai hannu ƙasa, su ne suka ajiye musu ƙuri'arsu a ƙasa, suna kuma mamakin shirunsu. Ni ma da na kwashe duk tukwanen gidanmu na ɗora a tebur, awa guda ina kallon katunan nan a daɓe ban ga komai ba.

"Ai da kun ce a ɗauko muku," wata nas ta faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa.

Tsohon kafinta ya ce, "'Yata, tun da gari ya waye nake cewa a ɗauko mini. Takalmi, hula, carbi. A gaban baƙi ma sai na roƙa?"

Idon Mai Agogo ya cika da ƙwalla. Ta kwance agogon ta jefa a aljihun farar rigarta, ta ce a yafe mata, za a sake daga inda aka tsaya da safe, ko da za a kai la'asar. Kafinta ne ya kawo dabara. Ya sa aka gangaro da ƙarfen rataye ƙarin ruwa guda biyu, aka ɗaure dogon bandeji daga wannan zuwa wancan, yana daga zaune yana ba da umarni, a ɗaga nan, a ja can, sai da ya zo daidai ƙirjin mafi gajarta a cikinsu. Ni na lanƙwasa bakin kowane kati na rataya a kai kamar shanya. Aka ƙulla jan ƙyalle bayan na goma.

Sai ga tsofaffi suna tashi. Kada a ɗauka duk bayan Mama suka bi, kowa da abin da ke cinsa. Wata mai karayar wuyan hannu ta ja katin ciwon da ba ya barin mutum bayan ƙashi ya haɗe, ta kai shi na biyu, ta ce duk wanda bai yarda ba ta ba shi aron hannunta na kwana ɗaya. Kafinta ya ja na gwada maza, ya ce shekara uku ana ce masa ciwon mata ne har ƙugunsa ya tafi. Katin Mama, da aka mayar na tara, ya sake zamewa bayan jan ƙyalle. Gabana ya faɗi.

Sannan ta tashi. Ta tafi da sandarta, ta kama katin da yatsu biyu, ta ja shi a kan bandejin har ya wuce ƙyallen. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ta yi wa jikoki goma sha ɗaya wanka, ta goma sha biyu tana da wata tara ba ta taɓa ɗaga ta daga ƙasa ba. Ta ce an gaya mata abin da ba za ta yi ba, ta kuma kiyaye, amma har yau ba wanda ya gaya mata abin da za ta iya.

Babban likita ya yi gyaran murya. Cikin ladabi ya ce ya ji, amma tambayar tana da wuyar bincike. Ba za a tara masu karayar baya a ce su ɗauki nauyi don a ga wanda zai sake karyewa ba. Wuri goma ne kawai, kuma akwai tambayoyin da za su hana dubban mutane karyewa tun farko.

"Likita, da izininka," in ji mai gashin ƙashi. Dariyar nan tata ta ɗauke. "Shekara ashirin ina cewa kar a ɗauka, kar a sunkuya. In suka tambaye ni to yaya za su yi, sai in canza zance. Ba don na san ba za su iya ba ne, don ban san iyakar ba ne. Su kuma a gida suna ɗauka a ɓoye, ba wanda ya koya musu. Gara mu san amsar."

"Ni ban ɗauka a ɓoye ba," Mama ta ce. "Ina da 'yar sanda a gida."

Aka fashe da dariya, har da babban likita. Aka ce mai goyon bayan katin Mama ya ɗaga hannu. Na ɗaga nawa tun kafin a gama tambaya, na riƙa ƙirga na sauran da ido. Ashirin da ɗaya. Na babban likita bai tashi ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, don ya faɗi gaskiyarsa. Katin Mama ya zauna a na takwas. Gwajin jini ya sauko na biyar. Wanda ya fita wani kati ne na mai ba da magani. Ya ce ba komai, amma na ga ya cire shi daga bandejin ya ninke ya sa a aljihu.

Da aka tashi, ana ta musabaha, Mama ta tare babban likita a bakin ƙofa.

"Ɗana, yanzu yaushe amsar za ta fito?"

 Ya rage tsawonsa don su haɗa ido.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Sai an sami masu ɗaukar aikin, a tsara, a gwada. Shekara biyar, in an yi sauri. Zai iya kaiwa bakwai."

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta wuce abinta.

Ni ce raina ya ɓaci. Muka zauna a bencin bakin ƙofar asibiti muna jiran mota, rana ta yi sanyi, masu ziyara suna ta shiga da kwanuka. Na kasa haɗiyewa. Na ce shekara bakwai! Lokacin yarinyar tana aji biyu, wa zai ɗauke ta? Na ce da na san haka ne da ban bari ta wuni a kan kujera bayanta yana ciwo ba, har ta kusa sake karya kanta a kan takarda. Ina ta faɗa, amma tausayinta ne ya cika ni, faɗan kawai na iya.

Ta bar ni sai da na gaji.

"Kin gama? Ke kina ganin ban iya lissafi ba ne? Tun ranar da kika rubuta na san ba ni za ta amfana ba. Wannan yarinyar ta riga ta wuce ni."

"To don me, Mama?"

Ta kamo hannuna ta ɗora a cinyarta, ta zagaye wuyan hannun da babban yatsa da manuni. Yatsun suka haɗu har da saura. Ta ajiye nata kusa da nawa.

"Dubi nan. Iri ɗaya. Kakarku ma haka nata yake, ta rankwafa muna kallo muka ce tsufa ne. Shekararki hamsin da ɗaya, 'yarki ta fari ta kusa gama makaranta. Ba na so ranar da ɗanta zai yi kuka a tabarma ki tsaya a kansa kina waƙa."

 Mota ta zo ta tsaya a gabanmu, direba ya leƙo yana tambayar ina za mu. Mama ta ɗaga masa hannu ta ce ya wuce.

"Ɗakin hoton bai rufe ba, na gani da muka fito," ta ce. "Tashi ki je ki ba da sunanki a duba naki ƙashin. Ina nan zaune."